Yadda za ka zaɓi kodek da bitreti in za ka fitar da bidiyo daga manhajar editin

Ka gama editin, ka yanka, ka jera, ka gyara kala, ka ɗora sauti, a cikin manhajar komai fes kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai ka danna fitarwa, ka jira, ka loda, ka buɗe a waya, ka tarar fuskar mutum ta koma kamar an shafe ta da laka, gashi ya dunƙule waje ɗaya, wurin da yake da duhu a bayansa ya cika da ƙananan murabba'ai suna ta rawa. Ko kuma akasin haka, bidiyon minti biyar ya fito da nauyin giga uku, ba ya turuwa, wayar wanda ka ba ma ta ƙi buɗe shi. Kusan kullum laifin ba na kyamara ba ne kuma ba na editin ɗin ba ne, yana cikin shafin nan na ƙarshe da yawancinmu muke dannawa mu wuce ba mu karanta ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, babu wani saiti guda da ya dace da kowane bidiyo. Duk wanda ya ce maka sa kaza da kaza shi ne mafi kyau, alhali bai tambaye ka ina bidiyon zai je ba, to bai ba ka amsa ba tukuna. Wurin da bidiyon zai sauka shi ke yanke komai, sauran duk lissafi ne.

Me ya sa ma ake matse bidiyo

Hoton 1080p faɗinsa ɗigo 1920 ne, tsayinsa 1080, in ka ninka za ka samu ɗigo 2,073,600 a firem ɗaya tak, wato hoto guda cikin jerin hotunan da suke haɗuwa su zama bidiyo. Kowane ɗigo in aka ba shi bayit 3 na kala, firem ɗaya ya haura mega 6 kenan. Firem 30 a daƙiƙa ya kai wajen mega 186, minti ɗaya ya wuce giga 11. Babu wayar da za ta ɗauki wannan, babu intanet ɗin da zai ja shi. Shi ya sa aka yi kodek, aikinsa shi ne ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura da rashinsa ba.

Dabarar da ya fi amfani da ita mai sauƙi ce. Yana ajiye cikakken hoto guda ɗaya, wanda ake kira firem I, sannan firem ɗin da suka biyo baya, wato P da B, ba ya ajiye su gaba ɗaya, bambanci kawai yake rubutawa. Ka ɗauki mutum zaune gaban bango yana magana, bangon ba ya motsi, baki da ido da hannu ne kawai ke canzawa, to kodek ɗin sai ya ce nan wurin kamar na baya ne, ya wuce, bai kashe komai ba. Amma ka ɗauki ganyen bishiya iska tana kaɗa shi, ko ruwan sama, ko hayaƙi, ko taron jama'a kamara tana yawo a cikinsu, ko yashi-yashin nan da kyamara take fitarwa in haske ya yi ƙaranci, kowane firem daban yake da na bayansa, babu abin kwafa. Irin waɗannan wuraren su ke cinye data, kuma su ne ke fara farfashewa in ka yi ƙwauron bitreti, wato yawan datar da ka ware wa kowace daƙiƙa. In ka gane wannan, rabin maganar ka gama da ita.

Mataki na farko: tambayi kanka ina zai je

Gida uku ne dai. Na ɗaya, za ka ɗora shi a YouTube ko Facebook ko TikTok ko Instagram. Duk waɗannan ba fayil ɗinka suke nuna wa mutane ba, suna karɓa ne su sake matse shi da nasu injin, su fitar da kwafi-kwafi masu girma daban-daban. Ma'ana abin da ka ba su matsi na biyu zai sha, don haka ka ba su mai ƙiba, mai tsabta, kar ka damu da nauyi sosai in dai intanet ɗinka zai iya ɗorawa. In ka ba su wanda ya riga ya jigata, daga can sai dai ya ƙara lalacewa, babu injin da zai dawo da abin da ka zubar.

Na biyu, za ka miƙa wa mutum kai tsaye, a filashi, ko ta imel, ko a kunna a talabijin ko majigi. A nan kai ne matsi na ƙarshe, abin da ka fitar shi za a gani, kuma dole ka yi tunanin na'urar da za ta kunna shi da wurin ajiyar mutumin.

Na uku, ajiya, ko wani edita ne zai ci gaba da aiki a kai, ya gyara kala ko ya haɗa da wani abu. Wannan ba a yi masa rowa ko kaɗan.

Mataki na biyu: raba mazubi da abin da ke cikinsa

Nan mutane da yawa suke rikicewa. MP4 da MOV da MKV da WebM ba su ke matse bidiyo ba, mazubi ne kawai, kamar kwali da aka zuba hoto da sauti da rubutun fassara a ciki. Kodek shi ne yadda aka naɗe kayan da ke cikin kwalin. Shi ya sa za ka ga fayil biyu duk MP4, ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, saboda abin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Kuma canza wa fayil suna daga .mov zuwa .mp4 ba ya canza kodek ɗin da ke ciki.

H.264, wanda ake kuma kira AVC, ya fito tun 2003, kuma har gobe shi ne wanda za ka ba kowa hankalinka kwance. Tsohuwar waya, talabijin, burauza, majigi, duk sun san shi. In kana shakka, H.264 a cikin MP4 ka zaɓa, ni dai a nan nake tsayawa a mafi yawan aikina.

H.265 ko HEVC ya zo a 2013 da nufin ba da kwaliti iri ɗaya a kusan rabin nauyi. A aikace ragin ba kullum yake kai rabi ba, amma ana ganinsa sosai musamman a 4K. Wayoyin iPhone tun 2017 suke ɗauka da shi. Matsalarsa ba kowace na'ura ke buɗe shi ba, a kwamfutar Windows ma wani lokaci sai an sa ƙarin manhaja kafin ya kunnu a filayar da ta zo da ita, kuma ya fi wahalar da kwamfuta wajen fitarwa. In 4K ne ko HDR, wato bidiyo mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, ko kana so ka tara bidiyo da yawa a ɗan wuri, shi ne abokin tafiya, amma ka tabbata wanda za ka ba yana da abin buɗewa.

VP9 na Google ne, AV1 kuma ƙungiyar Alliance for Open Media ce ta fitar da shi a 2018. AV1 ya fi su iya matsi, sai dai in katin hotonka, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hoto, ba ya fitar da shi da kansa za ka sha jira. Katunan Nvidia jerin RTX 40, da Intel Arc, da AMD jerin RX 7000 duk suna iya fitar da shi. Ba dole ba ne ka fitar da AV1 don YouTube, su da kansu suke juya bidiyo zuwa irin kodek ɗin da suke so.

Sai kuma na aiki, ProRes na Apple da DNxHD da DNxHR na Avid. Waɗannan kowane firem cikakke suke ajiye shi, ba sa jingina da na baya, shi ya sa suke da nauyi amma kwamfuta take jin daɗin editin da su, kuma ko an sake fitar da su sau da yawa ba sa saurin lalacewa. ProRes 422 HQ a 1080p firem 30 yana cin wajen megabit 220 a daƙiƙa, wato minti ɗaya ya haura giga ɗaya da rabi. Ba na turawa a waya ba ne, na gida na uku ne.

Mataki na uku: wane inji ne zai yi matsin

Kodek ƙa'ida ce a rubuce, enkoda kuma shi ne ma'aikacin da yake aiwatar da ita, kuma ma'aikata ba ɗaya suke ba. Enkoda biyu za su fitar da H.264 a bitreti ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya kyau a ido.

Akwai wanda furosesar kwamfuta ke yi, kamar x264 da x265, wanda za ka samu a HandBrake, manhajar juya bidiyo, da Shotcut da Kdenlive, manhajojin editin, da yawancin abin da aka gina a kan FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce. Yana ɗaukar lokaci, kwamfuta ta yi zafi fanka ta yi ta ƙara, amma yana zama ya duba kowane wuri ya raba data inda ya dace. Akwai kuma wanda wani ɗan sashe na musamman a katin hoto ke yi, NVENC a Nvidia, Quick Sync a Intel, AMF a AMD, VideoToolbox a Mac. Wannan gudu gare shi, abin da zai ci awa ɗaya yakan gama a 'yan mintuna.

Ga yadda nake rabawa. In bitreti mai yawa zan ba shi, kamar wanda zan ɗora a YouTube, katin hoto nake ba wa aikin, domin in data ta wadata bambancin da ke tsakaninsu da ƙyar ido ke kama shi. In kuwa fayil ƙarami nake nema, inda kowane mega yake da daraja, furosesa nake ba wa in yi haƙuri, domin a wurin ƙunci ne gwanintar x264 take fitowa. A Premiere Pro zaɓin yana ƙarƙashin saitin bidiyo, za ka ga Hardware Encoding, na katin hoto, da Software Encoding, na furosesa, kuma zagaye biyu da zan yi bayani a ƙasa yana tare da na furosesa ne.

In kana x264 ko x265 za ka ga wani zaɓi na gudu, daga ultrafast har veryslow, medium a tsakiya. Ba kwaliti yake canzawa kai tsaye ba, lokacin da injin zai ɓata yana neman dabarar matsi yake canzawa. Slow ya ishe ka. Akwai wani can bayan veryslow mai suna placebo, kar ma ka kula shi, jira ne mai tsawo ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Mataki na huɗu: girman hoto da yawan firem

Wannan gajere ne, ka bar su yadda suke a taimlain. In ka ɗauka a firem 25 ka fitar a 25, in 30 ne 30, in 60 ne 60. Juya 25 zuwa 30 yana sa manhaja ta maimaita wasu firem, sai ka ga motsi yana ɗan tsalle musamman in kyamara tana juyawa gefe. Ɗaga 30 zuwa 60 ba ya ƙara santsi, nauyi kawai yake ƙarawa. Haka 23.976 da 24 ba ɗaya ba ne, 29.97 da 30 ma haka, ka duba da kyau.

Bidiyon tsaye na waya 1080 ne a faɗi 1920 a tsayi. Kuma ɗaga bidiyon 720p zuwa 4K ba ya ƙirƙiro abin da kyamara ba ta gani ba.

Wani abu da yake cizon masu ɗauka da waya ko masu naɗar sikirin: sau da yawa yawan firem ɗinsu ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka. A farkon bidiyo baki da murya suna tafiya tare, zuwa minti na goma sai ka ga murya ta riga baki. In ka ga haka ka fara wuce da fayil ɗin ta HandBrake ka zaɓi Constant Framerate kafin ma ka shigar da shi editin.

Mataki na biyar: bitreti, nan ne zuciyar maganar

Bitreti shi ne yawan datar da ka ware wa kowace daƙiƙa. Ana auna shi da megabit, Mbps, kuma kar ka haɗa shi da megabayit na nauyin fayil, bit 8 ne ke yin bayit 1. Lissafin nauyi kuwa ga shi: bitreti sau yawan daƙiƙoƙi, a raba da 8. Bidiyon minti 10 daƙiƙa 600 ne, a Mbps 10 zai ba ka 10 sau 600 raba 8, mega 750. Ka lura girman hoto bai shigo lissafin ba sam. Bidiyon 720p da na 4K in bitretinsu ɗaya tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya ne, sai dai na 4K ɗin ya raba datar ga ɗigo ninki tara, don haka shi zai fi yunwa.

Hanyoyin raba datar uku ne. CBR yana ba kowace daƙiƙa daidai wa daida, ko baƙin allo ne ko ruwan sama. Wannan na masu watsa shiri kai tsaye ne, inda layin intanet yake son abu tsayayye, a fitar da fayil ɓarna ce kawai. VBR yana rage wa wuri mai sauƙi ya ƙara wa mai wuya. In zagaye ɗaya ne yana tafiya yana hasashe, in zagaye biyu ne sai ya fara kallon bidiyon gaba ɗaya ya san inda wuya take, sannan ya dawo ya raba, lokaci kusan ninki biyu amma yana sauka daidai nauyin da ka nema.

Na ukun shi na fi so, CRF, wanda HandBrake ke kira RF. A nan ba ka faɗin yawan data, matakin kyau kake faɗa, injin ya kashe abin da ya kama. A x264 lambar daga 0 take zuwa 51, kuma a juye take, ƙaramar lamba ita ce kyau da nauyi, babba ita ce matsi. 23 ce lambar da yake zuwa da ita, a 18 yawancin ido ba ya bambance shi da na asali, kuma duk ƙarin 6 yana rage nauyi kusan rabi. A x265 lambar da yake zuwa da ita 28 ce, don haka kar ka kwafi lambar wannan ka kai wa wancan ka zaci abu ɗaya ne. Ga 1080p tsakanin 20 da 24 wuri ne mai kyau, ga 4K kana iya hawa 22 zuwa 28 saboda ɗigon ƙanana ne aibu ba ya saurin fitowa. Abin da CRF ba zai gaya maka ba shi ne nauyin da fayil zai fito da shi, hira a ɗaki za ta fito 'yar ƙarama, bidiyon daji mai tsawo ɗaya ya ninka ta sau da yawa, kuma hakan daidai ne, aikinsa kenan.

To lamba nawa za ka sa in manhajarka bitreti take tambaya? YouTube sun wallafa nasu shawarar ga bidiyon da ba HDR ba. A firem 24 zuwa 30, 720p Mbps 5, 1080p Mbps 8, 1440p Mbps 16, 4K kuma 35 zuwa 45. In firem 48 zuwa 60 ne, 720p ya koma 7.5, 1080p 12, 1440p 24, 4K 53 zuwa 68. Ni waɗannan lambobin a matsayin ƙasa nake ɗaukarsu ba sama ba. Mutum zaune yana bayani 8 ya ishe shi, amma in akwai ciyawa, ruwa, gudu, wasan kwamfuta, ina kai 1080p wajen 16 zuwa 20, musamman in katin hoto ne ya yi matsin. Haura hakan da nisa kuma lokacin lodawa kawai kake ƙara wa kanka.

Ka kula da ma'aunin da manhajarka take amfani da shi. Premiere da Mbps yake magana. DaVinci Resolve a shafin Deliver da Kb/s yake magana, a wurin Restrict to, don haka in kana son Mbps 20 sai ka rubuta 20000, in ka rubuta 20 kawai abin da zai fito ba zai kallu ba. CapCut kuma yana ba ka zaɓin ƙasa da wanda ya ba da shawara da sama, a na kwamfuta har kana iya rubuta naka.

In kuma iyaka aka ba ka, misali kar ya wuce mega 200 kuma minti 10 ne, sai ka juya lissafin: 200 sau 8 raba 600, ya ba ka kusan 2.7. Cire na sauti, ya rage wajen Mbps 2.5. A irin wannan ƙuncin gara ka sauko 720p ka yi VBR zagaye biyu, domin 720p mai tsabta ya fi 1080p mai farfashewa daɗin kallo nesa ba kusa ba, a fuskar waya ma ba mai gane ka rage girman.

Mataki na shida: kala

Akwai wata rana da na gama wani aiki mai sararin sama na yamma, ja yana narkewa cikin shuɗi a hankali, a taimlain gwanin kyau. Da ya fito sai na ga saman ya rabu layi-layi kamar matakalar bene. Dalilin shi ne bidiyo mai zurfin kala na bit 8 mataki 256 kawai yake da shi a kowace kala, in matsi ya zo ya haɗe na kusa da juna sai gaɓoɓin su bayyana. Bit 10 yana da mataki 1024. Abin da ya fitar da ni shi ne na koma H.265 mai bit 10, a kwafin H.264 ɗin kuma na ƙara bitreti na zuba ɗan yashi-yashi kaɗan a kan saman, wanda yake farfasa gaɓoɓin ido ya daina ganinsu. H.264 mai bit 10 akwai shi, amma na'urori da yawa ba sa buɗe shi, kar ka ba mutane shi.

Ga bidiyo na yau da kullum Rec.709 ne ma'aunin kala, ka tabbata shi ne a taimlain kuma shi ne a fitarwa. Wayoyi na yanzu, iPhone tun daga 12 da wasu na Android, suna ɗaukar HDR, in ka jefa shi a taimlain na Rec.709 ba a juya shi yadda ya kamata ba sai ya fito fari fat ko ya koɗe. In ba HDR kake nufin yi ba ka kashe shi a kyamarar tun kafin ɗauka, ya fi sauƙi. In ka ga zaɓin Data Levels ka bar shi a Auto ko Video, sa Full ba tare da dalili ba yana sa baƙi ya danne ko ya yi toka-toka a wasu filayoyi. Tsarin kala na turawa kuma 4:2:0 ne, shi kowace na'ura ta sani.

Mataki na bakwai: sauti da ƙananan akwatuna

Sauti AAC, 48 kHz, kilobit 192 zuwa 320 a sitiriyo, YouTube ma 384 suka ce. Kar ka yi tsimi a nan, nauyinsa ba komai ba ne kusa da na hoto, kuma mutum zai jure hoto mai ɗan dishi-dishi amma ba zai jure murya mai ƙarar gwangwani ba.

Akwai wani ɗan akwati da HandBrake ke kira Web Optimized, Resolve ke kira Network Optimization. Yana dawo da bayanin fayil ɗin zuwa farkonsa don ya fara kunnuwa tun bai gama sauka ba, ka sa masa alama. Profile a H.264 ka bar shi High, Level ka bar manhaja ta zaɓa. Ka tabbata Progressive ne ba Interlaced ba, sai dai in gidan talabijin ne ya nema. Tazarar firem I ma in ba wani ya ba ka lamba ba kar ka taɓa.

Mataki na takwas: gwada kafin ka saki duka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kar ka fitar da bidiyon awa ɗaya sannan ka gano aibu. Nemo wuri mafi wuya a cikinsa, inda motsi ya fi yawa ko duhu ya fi yawa, ka sa alamar shiga da fita na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka fitar da shi sau uku da saiti daban-daban, ka rubuta lambar a sunan kowane fayil. Buɗe su a VLC a cika sikirin, ka tsayar a firem ɗaya a dukkansu, ka duba wuri huɗu: fatar fuska ko ta zama kamar roba, gefen rubutu ko yana da ƙura-ƙura, cikin inuwa ko murabba'ai na motsi, da sararin sama ko bango mai kala ɗaya ko ya yi layi. Sannan ka tura su waya ka kalla a can ma, tunda a can yawancin mutane za su gani. Mafi ƙanƙantar da idonka bai kama masa laifi ba shi ne naka. In kana son tabbatar da abin da manhajar ta fitar da gaske, MediaInfo kyauta ce, za ta nuna maka kodek da bitreti da yawan firem da ma'aunin kala.

Mataki na tara: uwa ɗaya, 'ya'ya da yawa

Duk aikin da yake da muhimmanci, ka fara fitar da uwar kwafi guda a ProRes 422 ko DNxHR HQ, in wuri ya yi maka kaɗan ko H.264 a CRF 16 ya yi, ka ajiye. Daga ita za ka riƙa ciro na YouTube, na waya, na imel, ba sai ka sake buɗe aikin kana jiran renda ba. Abin da ba a yi shi ne matse wanda aka riga aka matse, ka sauko da bidiyonka daga Facebook ka sake editin ka sake ɗorawa, kowane zagaye yana ɗora aibunsa a kan na baya kamar hoton da ake ta yi wa kwafin kwafi.

In kana iya FFmpeg, layi ɗaya ne yake ciro ɗa daga uwar:

ffmpeg -i uwa.mov -c:v libx264 -crf 20 -preset slow -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k -movflags +faststart fita.mp4

In H.265 kake so sai ka canza libx264 zuwa libx265, ka ɗaga lambar CRF zuwa wajen 24, ka ƙara -tag:v hvc1 don na'urorin Apple su gane shi.

Wajen turawa ta WhatsApp, in ka tura shi a matsayin bidiyo zai sake matse shi, in kana so ya isa yadda ka fitar da shi ka tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har giga 2. A YouTube kuma kar ka yanke hukunci da zarar ya gama hawa, ƙaramin kwafi suke fara fitarwa, na 1080p da 4K sai daga baya, wani lokaci da awanni in bidiyon dogo ne, shi ya sa nake ɗora shi a ɓoye tukuna sai manyan sun fito in buɗe wa mutane. In ka danna dama a kan bidiyon ka zaɓi Stats for nerds za ka ga kodek ɗin da suka ba shi, avc1 ko vp09 ko av01. Da ka samu saitin da ya yi maka a kowane gida, ka adana shi a manhajar da suna mai bayani, kamar 1080p-25-YouTube-16M ko 720p-waya-CRF23, gobe dannawa ɗaya ce.